Ranar da Ban Damu Ba

Babban Fasto, dattawan ikkilisiya, shugabar zumuntar mata, abokan aikin marigayi Dogo masu gyaran wuta, 'ya'yana da jikokina, da ke Amarya, matarsa, da kika sunkuyar da kai can gefe: salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

An ce in yi magana a madadin iyali. Wanda ya zaɓe ni, ko bai san ni ba ne, ko kuma yana so ku daɗe a zaune. Karatuna bai yi nisa ba. Ƙanwar Dogo ce ta rubuta abin da na faɗa mata, na kuma hana ta gyara min magana.

Dogo jikana ne na fari, shi ya sa nake ce masa maigidana. Yau wata guda ke nan da ya faɗi a wurin aiki, zuciyarsa ta tsaya, yana da shekara talatin da shida.

Ya kasance mutumin da ya ja wa cocin nan waya tun daga ƙofa har bagade. Fankar da ke juyawa a kanmu, shi ya ɗaura ta. Ya kasance idan gwauruwa ta ce ƙwan ɗakinta ya mutu, kafin ta rufe baki ya ɗauko tsani. Ya kasance bai iya waƙa ba ko kaɗan, amma ba wanda ya isa ya fitar da shi daga cikin mawaƙa. Shekara goma muna haƙuri. Yanzu ga shi muna neman muryar.

Ni kuwa kun san ni da fargaba. In yaro ya makara daga makaranta, na riga na binne shi a zuciyata, har na zaɓi zanen da zan ɗaura. Dogo ne ya sa min suna Kaka Idan-Fa. Wata rana yana gyara min soket, na ce, “Maigida, idan wutar ta kama ka fa? Idan gidan ya ƙone fa?”

Ya ce, “Tsohuwa, da wa kike magana?”

Na ce, “Da kai mana, ɗan nema.”

Ya ce, “Ni me zan iya? Ki sa ‘Ya Yesu’ a gaban maganar, kar ki canja komai. Shi ke nan ta zama addu'a, ta fita daga hannunki.”

Na ce wannan ai wayo ne. Ya ce, “Wayon ma Shi ya ba mu.”

Na gwada. Ya Yesu, idan motar ta faɗi fa? Ya Yesu, idan ciwon ƙafar nan ba na ƙafa ba ne fa? Tunanin bai daina zuwa ba, amma ya daina zama. Har na koya wa matan zumunta, ina ta fankama kamar ni na ƙirƙira.

Amarya, ɗago ki dube ni. Tun da kika ƙwace min miji ban taɓa yi miki maganar gaske ba, sai wasa. Yau zan yi. An gaya min ba kya cin abinci, ba kya buɗe taga, kullum sai “da na lura, da na kai shi asibiti.” 'Yarku ta fara tsoron shiga ɗakinki.

To ki ji abin da ban gaya wa kowa ba. Kwana uku kafin ya faɗi, ya zo wurina, ya zauna a bakin gado yana murza ƙirji. Ya ce, “Kaka, nan wurin yana matse ni. Kar ki gaya mata, za ta tayar da hankali.” Ni da nake kai jariri asibiti saboda atishawa, na ce, “Ya Yesu, idan ciwo ne fa?” Na ji zuciyata ta kwanta. Har na yaba wa kaina. Rana ɗaya tak a duniya da ban damu ba, ita ce wannan.

Fasto, kar ka dube ni haka, na san abin da za ka ce. Za ka ce addu'a ba laifi ba ce, kwana kuma ba a hannunmu yake ba. Kaina ya yarda. Cikina ne bai ji ba tukuna. Dogo ya koya min yadda ake yi da abin da bai faru ba. Wanda ya riga ya faru, bai tsaya ya koya min ba.

Saboda haka, 'yata, ke ba ki sani ba. Ni ce na sani. In kina neman wanda za ki yi fushi da shi, ga ni, ƙofata a buɗe take. Ki zo ki yi min faɗa, amma ki ci abinci kafin ki zo.

Mun gode wa duk wanda ya tako, da waɗanda suka zauna da mu shiru, wanda ya fi magana wuya.

Mu yi addu'a. Uba, ba mu da dabara. Ka karɓi Dogo, ka bar shi ya yi waƙarsa. Amarya kuma ka ɗaga ta, don ni na gwada, hannuna bai kai ba. A cikin sunan Yesu. Amin.