Ƙaguwar Maƙwabcina a Largo

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Habibu, ɗan Gusau, mazaunin Largo a jihar Maryland.

Ranar Asabar maƙwabcina, wani dattijo Ba'amurke da yake kwashe mana dusar ƙanƙara a ƙofar gida, ya gayyace mu cin abinci. Na saka babbar riga, ina tsammanin shinkafa da nama. Sai na tarar an shimfiɗa jaridu a tebur, an zube ƙaguwa jajur da yaji, kowa da 'yar gudumar katako yana fasawa. Mu a gida ko a rafi muka ga ƙaguwa, kaucewa muke yi. 'Yata Zainab kuwa tsotsa take har da lumshe ido. Ni masara kawai na ci, kuma na ga dattijon bai ji daɗi ba.

Don Allah malamai, da 'yan'uwanmu na Accra da suka san teku, halal ce? In halal ce, ta ina ake fara fasa ta? Ku taimaka da wuri, don jiya ya aiko mini da tawa gudumar, har da sunana a jiki.