Ranar da Na Sauke Iliya a Tabarma

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu.

Ni ce Maman Iliya. Da yawanku kun san fuskata, amma ba ku taɓa jin muryata ba.

Iliya ya yi ciwon shawara yana jariri. Sa'anninsa suka zauna, suka yi rarrafe, suka shiga makaranta, shi ko wuyansa bai tsaya ba. Sai na goya abina. Da shi nake girki, da shi nake wanki, in lulluɓe shi da mayafi in shiga kasuwar Singa sayayya, ƙafafunsa na dukan cinyoyina. In aka ce, "Madam, sauke ƙaton nan mana," sai in ce barci yake.

Babansa direban babbar mota ne, kullum yana hanya. Matan gidanmu ba su tsane mu ba, amma da na fito tsakar gida sai hira ta mutu. Haka nake wuni, daga ni sai numfashinsa a bayana.

Wata Laraba ina jiyo waƙar zumuntar matan coci daga ɗakina, na durƙusa da goyona na ce, "Ya Uba, na gaji. Ka aiko mini ko mutum ɗaya."

A makon nan, cikin adaidaita sahu a Fagge, wata Hajiya ta ɗaga mayafin ba ta ko tambaye ni ba. Na ce barci yake. Ta ce, "Wane barci? Idonsa biyu! Jikata ma haka take. 'Yata, kin kai shi gashi kuwa?" Ta kwatanta mini inda ake motsa wa irin yaran nan jiki, ana koya musu zama da cin abinci.

Da na kai shi, malamar wurin ta ce, "Maman Iliya, bayanki ya yi iya nasa. Kwantar da shi rub da ciki a tabarmar nan." Ya tsala ihu, na kai hannu, ta riƙe ni. "Bar shi ya neme ki." Sai ya ɗago kai, kan yana rawa, ya yi ta dubawa har ya same ni. Allah mai iko!

Bai fara tafiya ba. Har yanzu yawancin ranaku mu biyu ne a ɗaki. Amma yana zama a kujerarsa, yana riƙe cokali, ni kuma ina ganin fuskar ɗana. Na gode wa Ubangiji!

'Yar'uwa mai irin ɗana, ki dogara ga Allah, ki fito da shi. Ku kuma, in an tashi sujada, ku zo ku gaishe shi. Yana jin daɗi a kira sunansa. Amin.