Ƙungiyar Safiyanu

A tashar Agiye, Malam Mudi na jiran mota ta cika, sai ya leƙa kwamfutar wani saurayi da ke buga wasan ƙwallo.

"Samari, masu jar rigar nan ko motsi ba sa yi. Da gumaka kake wasa?"

"Ƙungiyar wana Safiyanu ce, Baba. Tare muke bugawa kafin ya tafi Aljeriya. Bidiyon wasan nake ɗauka in tura masa, ya ga wurinsa na nan."

"Yana amsawa?"

"Tun damina bai buɗe saƙona ba."

Malam Mudi ya daɗe yana kallon jajayen rigunan.

"Ni ma ɗana can ya nufa. Nuna mini inda ake dannawa. Kada Safiyanu ya buɗe ya tarar da mutanensa a tsaye."