Katin Zaɓen da Za a Aika Tokyo

A motar Manchester zuwa Birmingham, wani ɗalibi mai suna Ashafa ya buɗe mujallar wasannin bidiyo ta Japan yana cike katin da ke tsakiyarta. Dattijon da ke gefensa, wanda ya ji shi yana Hausa a waya, ya leƙo.

"Samari, assignment ne?"

"A'a Baba, zaɓe ne. Akwai jarumar da suka kashe a game ɗin da ya wuce. In ta zo ta ɗaya, kamfanin zai dawo da ita."

Dattijon ya taɓe baki. "Mu dubu huɗu muka sa hannu kada council ta rufe mana library. Sun san fuskokinmu, amma suka garƙame ta. Kai ne za ka juya kamfani a Tokyo da ɗan kati?"

"Ai 'yan kasuwa ne, suna duba abin da mutane ke so."

"Sun gama tsara labarinsu tun kafin a buga mujallar. Zaɓen don ka saya ne kawai. Ka ma dubi ƙasan katin, an rufe karɓa tun sha biyu ga wata. Kafin mujallar ta iso Ingila an gama ƙirga ƙuri'u."

Ashafa ya ƙura wa ƙananan rubutun Japanancin ido, sannan ya dubi mutumin. "Baba, yaya aka yi ka iya karanta wannan?"

Dattijon ya juya wajen taga, ya gyara zaman hularsa.

"Shekara shida na yi ina aika irin wannan katin. Nawa jarumin har yau yana kabari."