Na Kashe Wa Ƙanena Esi

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Bulus. Gyaran esi, na'urar sanyaya ɗaki, nake yi a garin Larabawan nan, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ban iya tsara magana ba, zan faɗa yadda take.

A cocin ƙauyenmu akwai wani tsohon abin kiɗa, ogan, da Turawan mishan suka bari. Ba ya kuka sai wani ya tsaya a bayansa yana zuga masa iska da hannu, irin zugazugin maƙera. Ƙanena Ishaku ke kaɗawa, ni ke zugawa a bayan labule. Shekara shida. A tashi sujada, mata su kewaye shi, "Sannu da aiki, Ishaku." Ni ko kallo babu, rigata jiƙe da gumi.

Shi aka tura karatu. Ya ƙetare zuwa Turai, ya zama malami, yana tono waƙoƙin da aka rubuta shekaru ɗari uku da suka wuce yana kaɗa su a manyan zauruka. Ni a firamare na tsaya. Duk hoton da ya turo gida, Mama ta nuna mini, in ce madalla, zuciyata tana tafasa.

Shekara biyu da suka wuce ya bugo waya. An gayyace shi wasa a wani zaure a nan unguwar Mushairib. Yana da wani ƙaramin ogan na katako da fata, shi da malaminsa marigayi suka haɗa da hannunsu. Zai turo shi gaba.

Ya ce, "Yaya, a wurinka zan ajiye, ban yarda da kowa ba. Kada zafi ya taɓa shi. Kai ne gwanin sanyi."

Na ce ba komai.

Na sa akwatin a shagon kayan aikin kafil ɗina, Balaraben da nake wa aiki, a Al Wakrah, ɗakin kwano. Watan Yuni ne, kun san Yunin nan. Kwana biyu esi yana aiki. Rana ta uku na tsaya na kalli akwatin, na miƙa hannu na kashe. Ba mantuwa ba ce. Na san abin da zafi ke yi wa gam da fata, aikina ne. Na kulle ƙofa na tafi na ci shinkafata. Kwana tara. Ana gobe zai sauka na kunna.

Da ya buɗe, katako ya tsage, fata ta bushe kamar kilishi. Ya danna, sai wani huci kamar na akuyar da aka yanka. Ya zauna a ƙasa, mutum mai furfura, yana shafa tsagar da yatsa. Na ce, "Kayan Turawa ba sa jure ƙasar nan. Khalas, ya ƙare, tashi mu je." An soke wasan. Ni na kai shi filin jirgi, kuma a hanyar dawowa daɗi nake ji. Ku ji da kyau, daɗi.

Daɗin bai daɗe ba. Kowace Jumma'a, ranar sujadarmu, in aka taɓa kibod a nan, sai in tashi in fita. Na daina cin jibin Ubangiji. Wasunku sun tambaya, na ce aiki ne.

Watan jiya ina kan rufin wani gida a Al Gharrafa, ina kwance wani esi da ya mutu, iska mai zafi tana dukan fuskata. Sai na tuna ɗakin kwanon nan. Na durƙusa a kan siminti mai ƙuna na ce, "Ubangiji, ni mugu ne. Shekara talatin ina ɗauke da abin nan. Cire mini, na gaji." Na yi kuka har abokin aikina ya zaci rana ce ta buge ni.

Daga rufin na kira Ishaku na faɗa masa.

Ya ce, "Na sani, Yaya. Akwai ma'aunin zafi a cikin akwatin. Ya nuna mini ranar da ka kashe da ranar da ka kunna."

"Me ya hana ka magana?"

"Me zan ce? Ka san dalilin da na kawo wannan ogan ɗin? Da hannu ake zuga shi, kamar yadda ake yi a dā. Na sa an buga sunanka a takardar wasan, kusa da nawa. So nake ka tsaya a gaban mutane, ba labule."



Ya ce, "Na yafe, don an umarce ni. Amma ogan ɗin bai gyaru ba, kuma ba zai gyaru ba." Ya ajiye waya. Har yau bai sake ɗauka ba.

To ina ceton? Ga shi: tafasar nan ta tsaya. Makon jiya na ci jibi. Yau na zauna har aka gama waƙa ban fita ba. Na gode wa Allah da bai bar ni na mutu da ita ba.

In akwai mai hannu a kan makunni a cikinku, ya kai wa Yesu tun bai danna ba. Zai karɓa, ni shaida ne. Ku sa Ishaku a addu'a. Ni dai kowace Lahadi zan ci gaba da kira.