Tankar da Maigida Ya Iya Tuƙawa

A kasuwar Baotou ta ƙasar Sin, ana gobe bikin sharar kaburbura, wata tsohuwa ta tsaya wurin mai sayar da kayan takarda da ake ƙona wa mamata don su yi amfani da su a lahira.

"Ɗan nan, tankar yaƙi nake nema wa maigidana. Casa'in da taran da aka rubuta a jikin wannan fa?"

"Shekarar fitowarta ce, Inna. Haka sojoji ke raɗa wa tanka suna."

"Au! Ashe hamsin da tarar da ya tuƙa shekara ce? Ban taɓa tambayarsa ba."

"Ai waccan ta tsufa. Kai masa sabuwa ya more."

"Tun tamanin da biyar ya rasu. Wa zai koya masa wannan? Mutumin da ko da ransa ba ya jin gyara! Nemo mini tsohuwar."