Muryar Mai Ɗakina

A bencin tashar mota, wata mata ta gaji da jin dattijon da ke gefenta yana ta kiran layin wani kamfani.

"Baba, ba mutum ke amsa maka ba fa. Na'ura ce aka koya wa magana."

"Na sani, 'yata. Muryar mai ɗakina ce, Allah ya ji ƙanta. Muryarta yaran kamfanin suka ɗauka, tun suna da ɗan shago."

"Allah sarki! Ai yanzu sun bunƙasa, masu zuba jari sun shigo."

"Su ne suka ce muryar ta tsufa. Gobe za a sa sabuwa."

Matar ta matso kusa da shi.

"Sake kira, Baba. Ƙara sauti, ni ma in ji ta."